Fitilar Mai Yasar Rijiya

Tun makon da aka kawo ku makarantar nan nake jin kuna yi wa fitilata dariya. Kun buɗe kabad ɗin ɗakin gwaji kuna neman alli, kuka tarar da tsohuwar fitilar ƙwai da igiya mai ƙulle-ƙulle naɗe a marikinta, ɗayanku ya ce ashe Malam Haladu bai san an yi sola ba. Da kunnena na ji. Wani kuma na ji shi a ɗakin malamai yana cewa babin muhalli shi ne hutun malamin kemistiri, wai ba lissafi a ciki, ka rubuta gurɓacewar iska da ta ruwa da ta ƙasa a allo, yara su kwafa, ka tafi cin ƙosanka. To, ƙarshen zangon nan zan aje aiki, kuma a cikinku ne wani zai karɓi ajin. Gara in faɗa muku tun yanzu. A duk kemistirin sakandare, babin nan ne yaro ke ɗauka ya tafi da shi gida ya yi aiki da shi. Ni na taɓa koyar da shi daidai da littafi, kalma da kalma, aka yi jana'iza.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan cefane ne. An tura ni wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Baure, ina saurayi, da takardar kwaleji da jin kai. Na tarar da wani dattijon malami, Malam Yahuza, wanda ya riƙe kemistirin makarantar shi kaɗai tun kafin in gama firamare. Ɗakin gwajinsa tebur biyu ne da famfon da bai taɓa kawo ruwa ba. Ranar kasuwa ya miƙo mini takarda: zoɓo, kanwa, lemon tsami, farar ƙasa, sabulun wanki, kyandir. Na ɗauka aiken gidansa yake yi mini, har raina ya ɓaci. Da na dawo ya jiƙa zoɓon, ya tace, ya raba a kwalaben magani guda uku. Ya matsa lemon tsami a ɗaya, ta ƙara ja. Ya jefa kanwa a ta biyu, ta rikiɗe ta yi kore mai duhu. Ya ce, "Ga abin awon tsaminka nan. In ka tsaya jiran wanda za a aiko daga Katsina, ka yi furfura a bakin ƙofa." Shekara huɗu na yi ina wanke masa kwalba.

Shi ya koya mini aikin ruwan gida, wanda har yau nake yi a makon farko. Kowane yaro ya zo da ruwan da suke sha a kwalba, ya rubuta sunan garinsu a jiki. A jera su a taga, a sa wa kowace ɗan sabulu daidai da na 'yar uwarta, a girgiza sau ashirin. Wata ta yi kumfa har wuya, wata ta yi dusar-dusar kamar madarar da ta lalace. Daga nan sai gardama ta kaure, kowa na kare rijiyar garinsu kamar an zagi kakansa. A cikin gardamar nan karatun ke shiga, ba a allo ba.

Kada ku ɗauka yara kaɗai za ku yi hulɗa da su. Da zarar an ji akwai malamin da ke duba ruwa, iyaye za su fara sallama. Wani magidanci ya taɓa zuwa mini da jarka, ya ce iyalinsa kullum ciwon kai da amai, wai in duba ko sammu ne. Ban ko buɗe kabad ba. Na kwance murfin, warin maganin feshi ya doki hancina. Jarkar maganin ciyawa ce ya wanke da toka yake ɗebo ruwan sha da ita, wai ta fi ta kasuwa ƙwari. Wata shekara kuma wasu 'yan mata biyu na aji biyar suka ce mini tafkin bayan garinsu ya yi shiru. Na ce shiru kamar yaya? Suka ce in zo in ji. Na je da hantsi, tsakiyar damina, ruwa ya cika har bakin gona, amma babu kukan kwaɗo ko ɗaya, babu mazari, babu abin da ke motsi a kan ruwan. Shanun Fulani na zuwa su sunsuna su juya. A gefe ga wurin da masu feshi ke wanke tankunansu, ciyawar wurin ta ƙone fari fat. Ban taɓa sanin tafki na da murya ba sai ranar da na ji babu ita.

Amma aikin da na fi ji da shi, wanda na yi suna da shi bayan Malam Yahuza ya yi ritaya ya koma Daura, shi ne na bokiti. A daka kanwa a zuba a gindin bokiti mai zurfi, a kwarara mata ruwan tsami, a rufe da faifai har ta gama tafarfasa. Sai a kunna kyandir a cikin kwano, a ɗauke faifan a hankali, a karkata bokitin a kan kyandir ɗin kamar mai zuba ruwa. Babu abin da ido zai gani yana zuba. Wutar sai ta dusashe, ta mutu. Kowace shekara ajin kan yi tsit, sai wani daga baya ya ce a'uzu billahi ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ina jin daɗin wannan tsit ɗin fiye da kima, in tsaya ina murmushi kamar ni na halicci iskar. Sannan in rubuta sunanta a allo, kabon dayoksaid, in jera siffofinta yadda littafi ya jera.

A shekarar da nake ba ku labari akwai wani yaro a aji biyar, Sabi'u. Dogo ne, mai yawan tambaya, daga wani ƙauye gabas da makaranta yake zuwa a keke. Irin yaran nan ne da malami ke kallon fuskarsu in yana bayani, don ya san ko abin ya shiga. Ranar bokiti, wutar na mutuwa ya ɗaga hannu.

"Malam, haka fitilar kakana take yi."

Na ce ya yi bayani. Ya ce kakansa, Baba Tanko, mai haƙa da yasar rijiya ne, kuma ba ya shiga kowace rijiya sai ya yi wa mutanen ciki sallama, ya zura musu fitila da igiya. In ta kai ƙasa tana ci, sun amsa. In ta mutu a hanya, masu gida ba sa son baƙo yau.

"In ta mutu kuma, sai ya samo..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Ajin ya fara dariya, ni ma na biye musu. Na ce aljanu dai akwai su, ba mai musu, amma ba su ke kashe fitilar kakanka ba. Wannan iskar ce da ka gani yanzu. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa take kwanciya a rami, kuma wuta ba ta ci a cikinta. Sai na ƙara abin da littafi ya ce: ba ta da launi, ba ta da wari, ba guba ba ce. Don in ƙara musu daɗi na ce, "Ita ce ke tsalle a cikin lemon kwalba. Ita kuke fitarwa yanzu haka ta hanci. Ka gaya wa kakanka babu kowa a rijiya sai iskar lemo." Aka sake dariya. Sabi'u ma ya yi, ya sunkuya ya rubuta. Duk abin da na faɗa ranar, ku duba littafi, yana nan. Abin da ban faɗa ba shi ne inda wuta ba ta ci, mutum ma ba ya rayuwa. A kaina wannan a fili yake, ban ga abin faɗa a ciki ba, kuma ba ya cikin abin da ake tambaya a jarrabawa.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Na yi musu gwajin babin ranar Alhamis, na ɗaure takardun da roba na kai gida. Ranar Lahadi da safe ina zaune a zaure da jan biro, na yi maki kusan rabi, wani ya tsaya da babur ya yi sallama. Ya ce mai unguwar garin su Sabi'u ne ya aiko shi. Ɗalibina ya rasu jiya a rijiya, an yi sutura kafin la'asar.

Na hau bayansa muka tafi. Bayan na yi gaisuwa a ƙofar gida, mai unguwa ya ja ni gefe ya ba ni labarin yadda aka yi. Famfon tuƙa-tuƙan garin ne ya lalace, kwana da kwanaki mata na zuwa wani gari ɗebo ruwa. Sai aka tuna da tsohuwar rijiyar gindin bishiyar bedi, wadda aka rufe da gumagumai tun da aka kafa famfon. Baba Tanko ba ya gari, yana can wajen Kongolam yana haƙa wa wasu masu shanu. Samari suka ce ba sai an jira shi ba, ai ga jikansa. Suka ɗage gumaguman, suka ga ganye da taɓo a ƙasa, yasa kawai take so.

"Mu dattawa muka ce a'a, sai an zura wuta tukuna, yadda aka saba," in ji mai unguwa. "Aka nemi fitilar ƙwai a garin nan kaf, Malam, babu. Wa ke da kananzir yanzu? Ta Tanko kuma ya tafi da abarsa. Sai yaron ya ciro tocilarsa, irin ta ɗaurawa a goshi. Ya ce mini, Baba, ba dai haske ba ne? Ga haske. Aka ɗaura mata zare aka zura. Ta sauka har ƙasa tana ci, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Muka ce to, sun amsa."

Na ce shi Sabi'un me ya ce?

Mai unguwa ya faɗa mini, ba da son ransa ba. "Dariya ya yi. Ya ce don hankalinmu ya kwanta ne kawai ya zura. Ya ce malaminsu ya nuna musu, babu kowa a ciki sai iskar lemo."

Ya ɗaura tocilar a goshi ya kama igiya ya fara sauka, yana sa ƙafa a ramukan da kakansa ya sassaƙa a bango. Yana sauka yana yi wa abokansa ba'a. Ana cikin jin muryarsa, tsakiyar magana, sai ta ɗauke. Bai yi ihu ba, bai kira kowa ba. Sai ƙarar faɗuwa a taɓo. Wani abokinsa ya tuɓe riga zai bi shi, dattawa suka rirriƙe shi, suka ce masu gida sun fusata, ba mai ƙara shiga. Wannan tsoron da na yi wa dariya, shi ya hana a yi gawa biyu. Da ƙugiyar ciro guga aka fito da shi.

Muna cikin maganar wani tsoho ya taso daga kan tabarmar gaisuwa. Gajere ne, kafaɗunsa faffaɗa, yatsunsa duk sun kakkarkace. A hannunsa ga fitilar nan da kuka gani. Da asuba ya iso daga Kongolam, ya tarar an riga an rufe jikansa.

"Kai ne malamin?"

"Ni ne, Baba. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri."

"Amin. Zo mu je."

Ban tambayi ina ba. Rana ta take, gari ya yi zafi, inuwar bedin kuwa sanyi kamar ba a bazara ba. An kewaye bakin rijiyar da ƙaya, kuma babu yaro ko akuya a kusa. Baba Tanko ya janye ƙayar ya ce in leƙa. Na durƙusa na leƙa. Can ƙasa, cikin duhu, akwai haske fari yana kallona. Tocilar ce. Ta suɓuce daga goshinsa lokacin da ake jawo shi, ta kafe a taɓo fuskarta sama, tun jiya take ci. Na ji kamar in ja baya, amma tsohon na tsaye a kaina.

Ya tsuguna ya ɗaga ƙwan fitilar, ya kunna lagwani, ya daidaita wutar. Sannan ya matso bakin rijiyar ya yi sallama da murya sosai, irin wadda ake yi a ƙofar gidan mutunci. Ya tsaya kamar mai jiran amsa. Muryar ta sauka ta dawo. Ya fara sakin igiya a hankali, tsakanin ƙulli da ƙulli tsawon gaba guda ne, yana ƙirgawa a fili. A na ɗaya da na biyu da na uku wutar na ci lafiya. A na huɗu ta rage tsawo. Kafin na biyar ya bar hannunsa ta tsuke ta koma kamar ƙwayar gero, ta mutu. Ko ganye bai motsa ba a wurin. Ɗan hayaƙin lagwanin ya fito, maimakon ya taso sama sai ya kwanta a kaikaice, ya shimfiɗu a kan abin da ido ba ya gani, hasken tocilar na nuna shi daga ƙasa. Rijiyar nan cike take da iskar har rabi, kamar bokitina.

Ya jawo fitilar, ya sake kunnawa, ya sake zurawa. A ƙullin nan dai ta sake mutuwa.

Na tambaye shi abin da na hana Sabi'u ƙarasawa. Na ce, "Baba, in ta mutu haka, me kake yi?"

"A bar musu ƙofa a buɗe. A sassaro rassa masu ganye a ɗaure da igiya, a yi ta zurawa ana jawowa, ana yi musu fifita. A kwarara ruwa ta bango. Gobe a dawo a sake sallama. Akwai wadda na yi wa kwana tara kafin ta amsa."

Da an ba ni alli an ce in rubuta yadda ake korar iskar nan daga rami da kayan ƙauye, ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Ya naɗe igiyarsa tsaf, sannan ya dube ni. "Malam, an ce a bokonku tana da suna."

Na faɗa masa.

Ya gwada maimaitawa, bakinsa ya kasa, ya bari. "To. Ni ban san sunanta ba. Tun ba ni da gemu nake shiga ina fita. Shi jikan nawa ya san sunanta."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Ya miƙo mini fitilar. Na ce ai kayan aikinsa ne. Ya ce ya gama shiga rijiya, wanda zai bar wa ita kuma yana maƙabarta. "Yaran yanzu ba sa jin tamu, taku suke ji. Ka tafi da ita can inda ake jin magana."

Tun daga shekarar ban ƙara fara babin iska da allo ba. Ina fara shi da neman kananzir, wanda yanzu sai an sha yawo a kasuwa kafin a samu kwalba ɗaya. In kwashi ajin mu je bakin tsohuwar rijiyar bayan makaranta, kowa ya riƙe igiyar nan da hannunsa ya ji nauyinta. Kafin su ji sunan iskar sai sun haddace abu uku, kuma ina tambayarsu ɗaya bayan ɗaya. Wuta mai ci ake zurawa, ba tocila ba, ba hasken waya ba, don su ba sa numfashi. Inda wuta ta mutu, kai ma a nan za ka mutu, kuma ba za ka ji zuwanta ba balle ka yi kira. In wani ya faɗi a ciki, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, kada ka bi shi. Bayan wannan ne muke komawa ɗaki mu yi bokiti, kuma na daina murmushi in wutar ta mutu. Masu duba makarantu sun sha rubuta mini cewa ina ɓata mako guda a kan abin da ba ya cikin manhaja. Ina sa hannu in ce na gode.

Kuma ina yin sallamar. Eh, ni da na karanta kemistiri, ina tsayawa a bakin rijiya in yi sallama in jira. Kowace shekara sai an sami mai kaifin baki ya ce, "Malam, kai ma?" In ce ni ma. Mai sallama dole ya tsaya, wanda ya tsaya kuma yakan tuna da fitila. In yaro ya kawo muku wata al'adar gidansu a tsakiyar darasi, ku bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, sannan ku je ku ga yadda ake yi da idonku kafin ku buɗe baki. Malam Yahuza ya sha gaya mini haka, ya shiga ta nan ya fita ta can.

Makullin kabad ɗin yana wurin maigadi. Lagwani na cikin gwangwanin da ke gefe, a datse bakinsa kafin a kunna, kuma kada wanda ya kwance ƙullin igiyar. In kun ɗaga fitilar za ku ga wata takarda a ninke a ƙarƙashinta, ta yi ja don tsufa. Takardar gwajin Sabi'u ce ta ranar Alhamis ɗin nan. Tana cikin rabin da na riga na yi wa maki kafin mai babur ya yi sallama. Tambaya ta uku ta ce a kawo siffofin iskar, a kuma faɗi abin da ke kashe fitila a tsohuwar rijiya. Duk wanda zai karɓi ajin nan a cikinku, ya karanta amsarsa kafin ya ɗauki alli. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Jan birona ne a kai, goma bisa goma, har na rubuta masa "Madalla" a gefe.